Shidar Injiniya

"Ni fa, a ba ni batir biyu da waya kamu uku, in ban haska unguwar nan kaf ba, a canza min suna."

Haka Injiniya ya faɗa ranar da ya dawo gida, tun kafin ya ajiye akwati. Kar ka tambaye ni makarantar da ta ba shi sunan, abokina. Shi ya raɗa wa kansa a hanya. Shekara bakwai ya yi a waje, ya dawo da akwati ɗaya, da hular kwano rawaya, da testa ta gwada wutar lantarki soke a aljihun gaba kamar biron likita. Ko banɗaki zai shiga, da testar yake shiga. Shaidar aikin da ya yi a can kuwa ɗaya ce tak: hoton wani dogon bene mai fitilu da ya manna a bangon falo. "Aikinmu ne," in ji shi. In ka matso da kyau za ka hango wani can sama yana haɗa waya. Ba shi ba ne. Shi ne na ƙasa, wanda ya rungume tsani.

Duk wanda ya daɗe ba ya gida ya san ciwon nan. Ka dawo ka tarar ƙofofi sun gajarce, tsakar gidan da kake buga ƙwallo ashe taku goma ne, kowa kuma ya saba da rayuwa ba kai. Wasu sukan zauna shiru har abin ya wuce. Injiniya ba ya iya zama. Ƙafarsa na kaɗawa, idonsa na yawo a bango yana neman abin da zai kwance. Fankar falo da take ɗan kuka, ya gyara ta. Ta daina kukan, ta koma juyawa da baya, tana zuƙe iskar ɗakin tana kai wa rufi. Ƙararrawar ƙofa sau ɗaya ya taɓa ta. Daga ranar ba ta ƙara sanin baƙo ba, sai an buɗe firji take ɗaukar kiɗa. Umma ta yi kwana uku tana zuwa bakin ƙofa tana cewa "Waye?" alhali Baba ne ke neman ruwan sanyi.

To, a gidan akwai wani ɗaki da ƙofarsa ke kallon titi. Tela ne a ciki da, ya tashi, ɗakin ya zauna ba kowa. Tun da Injiniya ya ɗora ido a kansa ya daina barci da kyau. Nan zai buɗe kamfani. Nan mutane za su yi layi da rediyo da dutsen guga, a daina yi masa kallon wanda ya je ya dawo hannu rabbana. Sai dai akwai wata mai son ɗakin: Gwaggo, yayar Baba, wadda ke zaune a gidan da kajinta goma sha huɗu da wani jan zakara mai tafiyar soja da ake kira Sajan. Kyanwar maƙwabta ta ɗauke mata 'yan tsaki biyar a wata guda, don haka take son ɗaki mai ƙofa da sakata.

Shi kuwa Baba, tun da ya ajiye aiki ya ajiye yanke hukunci. Kowa ya zo masa da maganar sai ya ce, "Za a duba."

Abu ɗaya ne Baba ba ya cewa za a duba a kansa: wasan lido. Kullum bayan abincin rana, a inuwar bangon tsakar gida, shi da Gwaggo sai sun zuba, kuma kullum sai an yi faɗa.

"Shida!" in ji Gwaggo ran nan.

"Yaya, na ga hannunki. Ajiye dayis ɗin kika yi, ba jefawa ba."

"Auta, tun kana yawo ba wando nake cinye ka. Yau ne idonka ya buɗe?"

Baba mutum ne mai furfura, ba abin da ya tsana irin a kira shi Auta a gaban iyalinsa. Ya daki teburi. Dayis ya yi tsalle, ya gangara, ya tsaya a gaban Sajan. Sajan ya karkata kai, ya dube shi da ido ɗaya, ya haɗiye.

"A kawo wuƙa," in ji Baba.

"A yanka wa? Taɓa shi ka gani."

"Shekara talatin dayis ɗin nan yana gidan nan, Yaya!"

"To har yanzu yana gidan, ai Sajan bai fita ba."

Umma ta ce a sayo sabo. Baba ya ce sabon dayis bai san mutanen gidan ba. Ana cikin haka Injiniya ya fito, ya gyara zaman hular kwano, ya yi gyaran murya irin na mai buɗe taro.

"Wannan duk ci baya ne. A can inda na fito, wa yake kaɗa dayis a gwangwani? Ku ba ni kwana shida, zan ƙera muku allon wasa na lantarki. Ba dayis, ba gwangwani, ba maguɗi. Ka danna, fitila ta faɗi rabonka."

"Injin Niƙa ya tashi," in ji Gwaggo. Haka take kiransa, wai ƙara ta fi gari yawa.

Amma kalmar "ba maguɗi" ta shiga kunnen Baba ta zauna. "In allon ya kai mu ƙarshen wasa lafiya," ya ce, "sai a duba maganar ɗakin nan."

Da mai hankali ne, da nan ya tsaya. Amma bakin Injiniya ba shi da birki.

"Ba 'a duba' ba, Baba. A zuba wasa ɗaya kawai. Tsakanina da Gwaggo, duk wanda ya riga shiga gida, ɗaki nasa ne."

Gwaggo ta kaɗa awarwaron hannunta na dama, guda bakwai na ƙarfe, suka yi ƙara kamar an zubar da cokula. "Auta, ka zama shaida."

Ya shige ɗakinsa, ya ja labule, ya toshe tagar da kwali. Daga nan gidan ya fara mutuwa gaɓa-gaɓa. Agogon bango ya tsaya a ƙarfe huɗu saura kwata. Rediyon Baba ya yi shiru a tsakiyar labarai. Rimot ya daina jin magana, tocilar Umma ta makance. Duk abin da ke da batir a cikinsa, an yi masa fiɗa. Rana ta uku Umma ta tura zannuwanta cikin kabad ta ji sun faɗa ta baya. Ta leƙa, sai ga bango yana kallonta: katakon bayan kabad ɗin ya tafi aikin kamfani. Ƙararrawar ƙofa ma ta ɓace, wannan kam ba wanda ya yi cigiya.

Ga abin da ya ƙera. Hanya ce mai gida hamsin, tana lanƙwasa kamar hanjin kaza. A tsakiya ƙananan ƙwan fitila shida a jere, da madanni guda. Ka danna, haske ya ruga a kansu, inda ya tsaya nan ne lambarka. Wasu gidajen an shafa musu jan fenti, wanda ya faɗa ciki ya koma baya gida biyar. A gefe ya rubuta doka da manyan baƙaƙe: BA A SHIGA GIDAN ƘARSHE SAI DA LAMBA DAIDAI. Wanda ya shiga, ƙararrawa za ta yi masa kiɗa. Dalmar liƙa waya ba shi da ita, sai ya ɗiga kyandir a kowace mahaɗa, ya ce ai duk liƙi liƙi ne. 'Ya'yan wasan marufan kwalba ne guda huɗu. Da ya ga ba su da nauyi, sai ya lallaɓa buhun abincin kajin Gwaggo ya ɗebo tsaba, ya cika su, ya toshe da kyandir.

Yanzu matso kusa, abokina, don wannan ko Umma ba ta sani ba. A gefen allon, ɓangaren da zai zauna, ya kafa ƙusa biyu dab da juna, kawunansu kaɗai ke waje. In ƙarfe ya haɗa kawunan nan biyu lokacin da aka danna, haske ba ya tsayawa ko'ina sai a shida. Ya je ya sayo wani ƙaton zoben ƙarfe ya zura a yatsa. Ya kuma tabbatar babu jan gida a shida, ko sha biyu, ko sha takwas, har zuwa arba'in da takwas. Daga nan sai ya ɗage zobe ya nemi biyu. Shidar nan ya gwada ta ya fi sau ɗari. Sauran lambobin kuwa bai ɓata lokacinsa a kansu ba, tunda ba nasa ba ne.

Saboda tsabar tabbaci, ana jibi wasa ya ɗauki tsani da fentin mai, ya rubuta a saman ƙofar ɗakin titi: BABBAN INJINIYA YANA CIKI. Karo na farko ke nan a rayuwarsa da ya hau tsani har sama.

Ranar wasa, bayan abincin rana, ya fito da allon lulluɓe da tawul, ya ɗora a teburi. Batura sun kai ashirin, an naɗe su da salatif sun zama dunƙule guda, suna reto a gefe kamar ƙari. Ya yi jawabi na minti goma a kan ci gaban zamani. Baba ya katse shi.

"Tsaya. Duk abin da fitila ta ce, shi ke nan? Ba ƙorafi?"

"Ba ƙorafi, Baba. Mutum ne ke maguɗi. Lantarki ba ya ƙarya."

"Maimaita, Yaya ta ji."

"Lantarki ba ya ƙarya!"

Ya yaye tawul, ya danna. Kowa ya sunkuya. Shiru.

"An fara?" in ji Umma.

"Ga shi nan yana gudu! Ba ku gani ba?"

Ba wanda ya gani. Kwana shida yana aiki a ɗaki mai duhu, inda ƙwayayen ke walƙiya kamar taurari. A tsakar gida da rana tsaka kuwa, haskensu bai kai na idon kifi ba.

"Mu koma falo," ya ce.

"Falon da ka mayar tanda?" in ji Umma.

"Kujerata ba ta tashi daga nan," in ji Baba. "Shekara ashirin a nan nake shan kaye, a nan zan rama."

Injiniya ya ce wannan ƙaramar matsala ce, a can ma suna haɗuwa da irinta. Ya ruga ya ɗauko babban bargon Umma, mai nauyin buhun siminti, ya rataya shi a igiyar shanya ya rufe teburi da mutanen da ke kewaye. Yana waje yana danna masa maƙalai, bai san abin da ke faruwa a ciki ba. Dunƙulen batura na zungurin gwiwar Gwaggo. Ita kuwa ba ta saba haƙuri da abin da ke zungurinta ba. Ta kama allon ta juya shi kamar tire, baturan suka koma wajen Injiniya.

Ya shigo, ya zauna, duhu ya rufe su. Sai ga fitilu tar-tar, ja da kore suna ƙyalli a fuskokinsu. Har Baba ya ce, "Kai!" Zuciyar Injiniya ta yi fari. Shi zai fara. Ya kai zobe gefen allo yana laluben ƙusoshi. Katako. Ya matsa dama. Katako. Ya matsa hagu, ya ci karo da batura.

"Danna mana, ko sai an kawo maka tsani?" in ji Gwaggo.

Ya danna. Haske ya ruga, ya tsaya. Ɗaya.

Baba ya danna, biyu. Umma ta danna, ɗaya. Gwaggo ta miƙo hannun dama, awarwaro suka zubo suka kwanta a gefen allo, caras. Ta danna.

Shida.

Sai a lokacin Injiniya ya gane ƙusoshinsa sun koma gefen Gwaggo.

Zagaye na biyu: biyu, ɗaya, biyu, shida. Na uku: ɗaya, ɗaya, biyu, shida. Uku da huɗu da biyar kuwa ko leƙowa ba su yi ba, haske na zuwa wajensu yake tsallakewa kamar mai gudun kwata.

"Yaya, wannan ba daidai ba ne," in ji Baba.

"Auta, me ɗanka ya ce? Faɗa masa, Injin Niƙa."

"Lantarki..." Injiniya ya murza zobensa. "Ba ya ƙarya."

"Shekara sittin ana ce min mai maguɗi. Yau ga na'ura ta wanke ni. Allah ya yi maka albarka, ɗan nan."

Albarkar nan ta fi mari zafi. Ya fara dabara.

"Ina ganin a juya allon. Akwai yadda ake so ya fuskanci gabas saboda ƙarfin wuta."

"Allon da aka fara wasa a kai ba ya motsi," in ji Gwaggo. "Ko ba haka ba, Auta? Dokarka ce."

Dokar Baba ce kuwa. Aka ci gaba. Shida.

"Gwaggo, don lafiyarki nake faɗa, ki cire awarwaron nan. Ƙarfe da lantarki ba sa shiri. Zai iya jan ki."

"Ja?" Baba ya janye hannunsa daga teburi. "Kana nufin abin nan yana ja? To in yana ja a tashi, allo ya faɗi jarrabawa, Yaya ta ɗauki ɗaki."

"A'a! Ba ya ja! Ko jariri zai iya lasarsa!"

"To ka ƙyale min awarwarona. Tun ina budurwa na sa su, ko sabulu ya gaji ya bar su."

Shida.

Da zagaye ya dawo kansa, sai ya miƙa hannu can tsallaken allo, wai sauro ya gani kusa da Gwaggo. Saura ƙiris zobe ya taɓa ƙusa, ta ɗauke hannun da duka, tas, awarwaro bakwai suka sauka a kan yatsunsa gaba ɗaya.

"Sauron gefena nawa ne. Kashe na gefenka."

Sau takwas ta danna, sau takwas shida ta fito. Murfinta ya sauka a gida na arba'in da takwas. Injiniya yana gida na tara. Ya riga ya fara tunanin inda zai samo fentin goge rubutu.

Gwaggo ta danna na tara. Shida. Ta kai hannu za ta ɗaga murfi, sai idon Injiniya ya faɗa kan manyan baƙaƙen da ya rubuta da hannunsa. Ya yi wani ihu har bargo ya motsa.

"Doka! Sai da lamba daidai! Biyu kike nema, Gwaggo, biyu!"

Aka zagayo. Shida. Aka sake zagayowa. Shida. Gwaggo ta tsaya a bakin ƙofar gida kamar baƙuwar da ta zo da kaya ta tarar an kulle. Nan take Injiniya ya dawo da ransa. Ya gyara hular kwano, ya fara tafiya da ɗaya da biyu, yana faɗawa jan gida yana fitowa, yana surutu.

"Kun gani? Tsari ne. Na'urar tana gane mai gaggawa ta ladabtar da shi. A can ma haka muke yi wa manyan injuna."

"Ka dai yi ta rarrafe," in ji Gwaggo.

Awa guda suka yi a cikin bargon nan. Ka san bargo da rana tsaka, da mutum huɗu, da ƙwan fitila da suka yi zafi kamar an soya su. Gumi na ɗiga daga hancin Baba yana sauka a gida na goma sha uku, inda ya faɗa jan gida sau biyar. Hular kwanon Injiniya ta zama tukunya, kansa na dahuwa a ciki, amma ya ƙi cirewa. Wani wari ya fara tashi, irin na kyandir da aka hura.

Ya kai arba'in da biyar. Arba'in da bakwai. Arba'in da tara. Saura gida ɗaya tak! Ɗaya, lambar da ta yi ta binsa tun farkon wasa kamar ƙuda. Ya sumbaci yatsansa, ya ce, "Gwaggo, ki gaida kaji, ki ce su yi haƙuri." Ya danna.

Biyu.

Aka zagayo. Biyu. Ya leƙa da kyau, sai ya ga kyandir ɗin da ke riƙe da wayar ƙwai na ɗaya ya narke, wayar ta saki tana lilo. Ɗaya ta mutu. Allon da aka ƙera da lamba shida yanzu lamba biyu gare shi: shida ga Gwaggo mai neman biyu, biyu ga Injiniya mai neman ɗaya.

"Wasan nan zai ƙare kuwa kafin mu ƙare?" in ji Baba.

"Ni dai na bar tukunya a wuta," in ji Umma. Ta ɗaga gefen bargo ta fice, ta bar shi a ɗage.

Ba wayar kaɗai kyandir ya saki ba. Marufan kwalba ma sun yi laushi, tsabar da ke ciki ta fara zubowa tana gangarawa a kan allo tana faɗuwa ƙasa. Sajan kuwa tun ɗazu yake sintiri a bakin bargo, yana jin ƙamshin abin da ya san nasa ne. Da ya ga ƙofa a buɗe bai nemi izini ba.

Fuka-fuki, ƙura, ihu. Sajan ya dira a tsakiyar allo, ya tsattsage murfin Baba, ya ga jan haske na ƙyalli a kan gumin hancin Injiniya ya kai masa sara. Injiniya ya yi baya, hular kwano ta daki ƙafar igiya, rabin bargo ya rufto a kan Baba.

"A soke wasa! A soke! An samu kutse!"

"Ba inda za a soke," in ji Gwaggo. Ta cafko Sajan da hannun dama ta matse shi a hammata. "Tsabar wa ya biyo? Wannan ba abincin kajina ba ne? Za mu zo kan wannan. Yanzu dai layina ne."

Hannun dama na riƙe da zakara. Sai ta miƙo na hagu, wanda ko zare babu a jikinsa.

Injiniya ya ga hannun nan yana tafiya a hankali. In ya ce ta yi amfani da na dama, ai za a tambaye shi: Saboda me?

Ta danna. Biyu.

Ta ɗaga murfinta, tak, tak, ta ajiye a gida na hamsin. Ƙararrawa ta ɗauki kiɗa, abu ɗaya da ya yi aiki yadda aka tsara shi. Daga kicin aka ji muryar Umma: "Waye?"

Gwaggo ta yi guɗa har Sajan ya taya ta. Amma Baba, da ya fito daga ƙarƙashin bargo kamar wanda aka tsamo daga rijiya, bai yarda ba. Bai taɓa yarda ba tun yana yaro.

"Shida sau talatin a jere? Ko aljani ba ya haka. Yaya, matsa in duba gefenki."

Ya shafa gefen allon, yatsansa ya tsaya a kan ƙusa biyu.

"Na kama ki! Wa ya kafa waɗannan?"

"Ni da ban san ta inda ake riƙe guduma ba? Tambayi mai kamfani."

"Wurin gwaji ne, Baba," in ji Injiniya. "Kowace na'ura tana da shi. Sirrin aiki ne."

Baba ya dubi ƙusoshin, ya dubi awarwaron Gwaggo, ya dubi ƙaton zoben da bai taɓa gani a hannun ɗansa ba sai makon nan. "Kawo hannunka." Ya kama yatsan ya ɗora zoben a kan ƙusoshi, ya danna. Shida. Ya ɗage, ya danna. Biyu. Ya mayar. Shida.

Umma ta fito da ludayi a hannu ta tsaya kallo.

"Ni ba maguɗin ne ya fi ƙona min rai ba," in ji Baba a hankali. "Na girma da mai maguɗi, na san darajar sana'ar. Amma a ce kai ka ƙera allo, kai ka rubuta doka, kai ka kafa ƙusa, kai ka sayi zobe, sannan a cinye ka? Yaya, ga makulli."

Washegari kaji suka tare. Allon ma bai yi asara ba: Gwaggo ta lura ƙwayayensa na ɗaukar zafi, ta sa aka kafa shi a kusurwa, 'yan tsaki suka kwanta a ƙarƙashinsa suna barci har da miƙa. Ta ce tun da take ba ta taɓa ganin na'urar ɗumama tsaki mai kyau irin wannan ba, kuma ta faɗa wa maƙwabta duka wanda ya ƙera. Rubutun saman ƙofa kuwa ya ƙi gogewa. An sa kananzir, an sa soso, fentin mai ya ce yana nan. Masu wucewa sukan karanta BABBAN INJINIYA YANA CIKI, su leƙa ta taga, su ga Sajan tsaye a kan tsohon teburin tela yana kallonsu da ido ɗaya. Wani har sallama ya yi masa.

Saura hukuncin tsaba da zobe. Wannan karon Baba bai ce za a duba ba.

"Dayis ɗina yana cikin zakaran nan. Abin da ya shiga zai fito. Kullum da safe ka share ɗakin, ka bincika abin da ka share da kyau, har ka samo min shi."

Haka Injiniya ya samu shiga ɗakin da ya yi mafarki, kullum ƙarfe bakwai, da tsintsiya. Hular kwano ta yi rana a ƙarshe, don kajin a saman katako suke kwana, kuma ba sa duba wanda ke ƙasa. Testa ma ta samu aiki, da ita yake tonawa.

Rana ta tara aka ji ihunsa daga ɗakin kaji. Baba ya fito da gudu ba takalmi, Gwaggo na biye, Umma na bayanta. Suka same shi a tsugune, testa a hannu, yana nuna wani tulin abin da Sajan ya ajiye da ɗuminsa. A tsakiya ga dayis, ya ɗan dushe amma lafiyarsa ƙalau.

Gwaggo ta sunkuya, ta ƙanƙance ido, ta ƙirga ɗige-ɗigen da ke sama.

"Auta, zo ka shaida," ta ce. "Ɗanka ya samu shida. Kuma wannan karon da guminsa."